Babanku da Mai Alfadari

Na ji ku da kunnena, ba sau ɗaya ba, kuna gaya wa mutane cewa babanku ya raina siyasa, wai har Dubai aka bi shi aka roƙe shi ya ce ba ya so. Da alfahari kuke faɗa, ni kuma ina yin shiru saboda a gaban baƙi ne. Yanzu da Allah ya yi masa rasuwa, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi, gara in rubuta muku yadda aka yi, tunda ni na dafa shayin da aka sha a ranar, ni kuma na kwashe kofunan. Babanku bai raina siyasa ba. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya so wani abu na duniya kamar yadda ya so kujerar nan ba.

Sunaye biyu ba za ku gani a wannan rubutu ba. Na babanku, don ban taɓa kiran sa ba yana raye, ba kuma zan fara da alƙalami ba; Barista kowa ke ce masa, ni ma haka. Na biyun kuwa na wani Ba'amurke ne da ya mutu tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba. Shi ba kunya ce ta hana ni ba, harshena ne ya ƙi. A gidanmu Mai Alfadari muke ce masa, kuma ku ma da ke dariya yanzu kun san ba wanda ya riƙe sunansa na gaskiya a cikinku.

Mun koma Dubai a shekarar dubu biyu da goma sha shida. Kafin nan babanku lauya ne a Kano, yana da ofis a saman bene, ya kuma taɓa zama ɗan majalisar dokoki ta jiha zango ɗaya. Da ya nemi na biyu ya faɗi, ya koma ofis yana cewa ba komai, alhali ni da ke zuba masa abinci na san da komai. Sai wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, ya ɗauke shi aikin duba musu yarjejeniyoyi, ya bar ofishin a hannun Kabiru, lauyan da ya fara aiki a ƙarƙashinsa tun fitowarsa daga makaranta. Muka kama filat a unguwar Al Rigga, a saman shagunan 'yan canji, mu da Nura da auta Fadila, tunda ku manyan kun riga kun kama gidajenku. Ofishinsa yana can Dubai Investments Park, cikin sito-sito da masana'antu, tafiya mai nisa kullum. Albashi ba laifi. Amma mutumin da a gida ba ya cin tuwo sai da mutum goma a zaure, yanzu sai ya dawo ya zauna a falo, ba mai sallama, ba mai kawo ƙara, sai ƙarar esi. Na tausaya masa ƙwarai, ban dai faɗa ba.

A nan ne Mai Alfadari ya tare a gidanmu. Littafin tarihinsa ne, tsoho, na Turanci, tun babanku yana ɗalibi ya saye shi a gefen titi, bangon baya ma ya cire. A Kano yana cikin kabad ba mai kula shi. A Dubai kuwa ya samu kujera a teburin cin abinci. Akwai hoton mutumin a shafin farko, zane ne, siriri mai dogon hanci, an naɗe masa wuya da farin ƙyalle kamar mai ciwon maƙogwaro. Babanku kan karanta da Turanci ya juya mana da Hausa, yana ƙara gishiri inda ya ga dama, har muka haddace rayuwar bawan Allah nan fiye da ta wasu danginmu.

Ɗan manomi ne, an haife shi a lokacin da Amurka ba ta daɗe da ƙwacewa daga hannun sarkin Ingila ba. A ƙauyensu babu makarantar lauyoyi, don haka uban ya kai shi gidan wani tsohon lauya, yana share ofis, yana hura wuta, yana kwafe takardu da hannu, in ya samu sarari ya karanta littattafan maigidan. Da ya ga ya ƙoshi sai aka zaunar da shi gaban alƙalai suka yi masa tambayoyi da baki, suka ce ya zama lauya. A zamanin alƙali ba ya zama wuri ɗaya, yawo yake gari-gari yana shari'a, lauyoyi na bin sa a baya kamar fatake. Masu hali suna kan dawaki. Namu ba shi da kuɗin doki, sai alfadari, littattafansa a mangala, ruwa ya dake shi, laka ta riƙe shi. In an isa masauki, gado ɗaya yake kwana da lauyan da za su kara da safe. Wani ya biya shi da kaji, wani da masara. Da mutane suka saba da shi suka tura shi majalisar jiharsu, daga nan babban birni. Sai ya tsaya wa wani mutum da gari duka ya tsana, ya kare shi a kotu don ya ga ba shi da laifi, mutanen suka yi fushi suka kayar da shi a zaɓe. Ya koma gonarsa. Bayan wasu shekaru suka yi nadama suka je har gida suka ɗauko shi.

Nura kan tsokani babanku in an zauna cin abinci.

“Abba, yau Mai Alfadari ya isa kotu kuwa, ko har yanzu yana cikin laka?”

“Kai dai ci abincinka. Mutumin da ka raina, da ƙafar alfadari ya je inda kai ba ka je da jirgi ba.”

Ni kuma in ce, “Barista, in zuba masa nasa ne, ko a plate ɗinka zai ci?”

Sai ya yi murmushi ya ce, “Hajiya Rabi, ba ki da girmama baƙo.”

Abin da ya fi burge shi a labarin, wanda ya maimaita mana har muka gaji, shi ne cewa a wancan zamani abin kunya ne mutum ya fito ya nemi ƙuri'a da bakinsa. Zama yake a gida, abokai su zo su ce ka fito, ya ce bai cancanta ba, su tafi, su dawo, sannan ya amsa kamar an tilasta shi. Babanku kan buga tebur a hankali ya ce, kun gani, ashe su ma da can sun san alkunya. Don kun san yadda muke a garinmu. Ba a karɓar abu a miƙawar farko, ko limanci ne, ko shugabancin unguwa, ko ƙarin tuwo. Za ka ce a'a, masu roƙo su san ba a'a ba ce, su ba ka kwana biyu su dawo. In sun yi jinkiri, matar gida ta aika wa matansu ta bayan gida cewa ƙofa a buɗe take. Haka aka yi wa babanku a karon farko da ya shiga majalisa, kuma ni na aika, ina amarya-amarya da goyon ɗayanku.

A dubu biyu da goma sha takwas, lokacin zafin da ko tsuntsu ba ya tashi da rana, ana shirin zaɓen fid da gwani a gida, sai Alhaji Sule ya bugo waya. Alhaji Sule ɗan garinmu ne, babban ɗan kasuwar takalma, kuma in ya yi magana a mazaɓarmu ana ji. Ya ce sun shigo saro shi da wasu dattawa uku, suna so su zo gaisuwa ranar Juma'a bayan La'asar. Ba wanda ya faɗi dalili, amma kowa ya sani, don tuni labari ya iso mana cewa ana neman wanda za a tura majalisar wakilai ta tarayya, kuma sunan babanku ne a bakin mutane. Ranar Alhamis ya je aski. Ya sa na ciro babbar rigarsa daga ƙasan akwati, wadda tunda muka zo ba ta sha iska ba, ya tsaya a kaina ina guga kamar ban taɓa riƙe dutsen guga ba. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, da kabewar da na samo a shagon Indiyawa. Ya leƙo kicin yana cewa gaisuwa ce kawai, kada in wahalar da kaina. Na ce to, na ci gaba da yanka kaza.

Filat ɗin ƙarami ne, daga kicin ina jin komai. Bayan an ci an sha, Alhaji Sule ya gyara murya.

“Barista, ba saro kaɗai ya kawo mu ba. Mutanen gida ne suka aiko mu. Sun ce zaman Dubai ya isa haka, khalas, ka dawo. Kujerar tarayya muke so ka riƙe mana, kuma mun riga mun yi magana da manya, ba wanda ya ja.”

Na ajiye ludayi. Na san muryar babanku in yana murna yana ɓoyewa, takan yi ƙasa-ƙasa, ta yi sanyi.

“Alhaji, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ni na kwana biyu, an kuma gwada ni an gani. Ga yara nan masu jini a jika, ku duba cikinsu. Ni ku bar ni da takarduna.”

Har nan daidai ne, ba kuskure ko ɗaya. Da ya tsaya a nan, da sun ce to a yi tunani, su tashi, su dawo. Sai na ji ƙarar kujera, na ji takunsa ya nufi kabad. Na ce a raina, Barista, ba yau ba. Amma ina, ya ɗauko littafin.

Na san abin da yake nufi. So yake ya kai su wurin da mutanen suka dawo suka ɗauko Mai Alfadari daga gona, su gane da kansu. Amma babanku bai iya fara labari daga tsakiya ba, ko a kotu an san shi da haka. Daga haihuwa ya faro. Ya share ofis da shi, ya hura wuta, ya hau alfadari, ya shiga laka ya fita. Dattawan nan, da suka wuni suna zirga-zirga a kasuwa, suna ta “Allah sarki”, “ikon Allah”, ɗaya ma na ji alamar gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wayar Alhaji Sule ta yi ta ruri, yana kashewa yana cewa masu kwantena ne. Babanku ya kawo inda aka kayar da mutumin, ya tattara littattafansa ya koma gona, ya ce shi da siyasa har abada. Daidai nan aka kira Magariba. Suka sauka masallaci gaba ɗaya, daga can suka yi sallama, babanku ya hawo shi kaɗai da sauran labarin a bakinsa.

Ya shigo yana walwala, ya ce miyar ta yi daɗi.

“Ka kai su inda aka dawo aka ɗauko shi?” na tambaya.

“Lokaci ya ƙure. In sun dawo na ƙarasa musu.”

“In sun dawo.”

“Haba Hajiya, 'yan garinmu ne fa. Ki dai ajiye kaza a firji.”

Na ajiye. Kwanakin da suka biyo baya, babanku ya riƙa dawowa daga ofis da wuri, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya fesa turare, ya zauna a falo da waya a gefe, wai yana hutawa. In an taɓa ƙararrawar maƙwabta sai ya gyara hula. Fadila ta tambaye shi ko biki za shi, ya ce mutum ba ya yin tsafta sai da biki? Ni dariya ta kama ni a ranar farko. Daga baya ta daina kama ni. Na lissafa cewa waɗannan ba maƙwabtan unguwa ba ne da za su taka da ƙafa su dawo. Mutane ne masu biza ta ɗan lokaci, da kaya a sito, da tikiti a aljihu. Sai na yafa mayafi da safe bayan ya tafi aiki, na nufi kasuwar Murshid Bazaar in yi aikina na matar gida.

Hajiya Binta, matar Alhaji Sule, ita ma 'yar kasuwa ce, abaya da mayafai take sarowa, tare suka zo. Na same ta a wani lungu zaune a kan kwali, tana fifita da murfin kwalin takalmi, masu ɗaure kaya suna ta jan salatif a kan diloli, masu baro na ihu a ba su hanya. Muka gaisa, muka tambayi yara, muka zagi zafi. Sannan na ce mata Barista yana ta yabon ziyarar, kuma miyar da ta rage tana neman masu ci. Duk macen garinmu ta san ma'anar wannan. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce wa mai ɗaurin, “Shwayya, habibi, dakata,” ta aika aka kira mijinta daga shagon gaba.

Alhaji Sule ya zo yana share gumi. Da ya ji, ya zauna a kan dila.

“Hajiya, wallahi mun ɗauka da gaske yake.”

“Alhaji, yau ka fara jin ɗan garinmu ya ce a'a?”

“Da a gida ne, da ban ko saurare shi ba. Amma mutum ya shekara biyu cikin Larabawa da Turawa, yana aikin ofis inda no take nufin a'a ta gaske. Ya ɗauko mana littafin Bature, ya karanta mana yadda mutum ya koma gona ya ce shi da siyasa har abada. A lifta ma muka ce, Barista ya zama irin su, kada mu matsa masa mu ci mutuncinsa. Girmama shi muka yi.”

“Labarin bai ƙare ba. Sun dawo sun ɗauko shi.”

“To ai mu ba mu ji nan ba.”

Ya ce a ranar suka buga waya gida, don manya na jiran amsa, lokaci ya matse. Aka ce wa za a sa? Suka ce Barista da bakinsa ya ce a duba cikin yara. Aka je wurin Kabiru. Kabiru ya ce shi sai abin da Oga ya ce, aka gaya masa Oga ya ƙi, har ya yi nuni da matasa. Ya karɓa, an kai shi gaban dattawa, an yi addu'a, har an kai hotonsa wurin masu buga fosta.

Na ce su zo ko sau ɗaya, su zauna minti kaɗan, su sake tambaya.

“Mu zo mu roƙe shi abin da muka riga muka bayar? Bakinmu ya fita, Hajiya. Hanya ɗaya ce ta rage. Shi Barista ya ɗauki waya da kansa ya kira manya ya ce yana so. In ya faɗa, Kabiru ba zai tsaya gaban maigidansa ba, kowa ya sani. Amma mu ba za mu iya ce wa yaro ya sauka ba.”

Na hau jirgin ƙasa na metro na dawo ina tafasa. Na yi fushi da Alhaji Sule, na yi fushi da Magariba da ba ta jira ba, Allah ya yafe mini, na fi yin fushi da wani Ba'amurke mai dogon hanci da ya mutu ya bar ni da wahala. Da babanku ya dawo, na bar shi ya yi wanka ya sa kaftaninsa, ya yi La'asar, sannan na zauna a gabansa na gaya masa duka, ban rage ba.

Tambayarsa ta farko ita ce, “Wa ya aike ki?”

“Wanda ya aike ni wancan karon. Kai kana tsammani matar Mai Alfadari zama ta yi tana kallon gona?”

Ya yi 'yar dariya duk da halin da yake ciki. Ya ce gaskiya littafin ya faɗa, abokansa sun gasa shanu sun tara mutane, 'yan'uwan matarsa sun bi gida-gida, shi dai bakinsa ne bai roƙa ba. Na ce to ashe duk waɗannan shekarun rabin labari kake ba mu, mu ma. Na tura masa wayarsa a kan tebur.

“Kira ɗaya ne, Barista. Ba sata ba ce, ba roƙon banza ba. Kai aka fara nema.”

“Na sani.”

“Kana so ko ba ka so?”

Ya dube ni. Shekarun aurenmu duka ban taɓa yi masa tambaya tsirara haka ba.

“Rabi, in na kira, kafin in ajiye wayar Kabiru ya sauka. Ba zai ko yi gardama ba, zai zo tarba ta filin jirgi yana murmushi, ya riƙe mini jaka. Abin da ya hana ni kira ke nan. Da zai ja da ni, da na kira.”

Na ce yaro ne, yana da sauran lokaci, kai ba ka da shi. Na ce kuskure ne aka yi, ana gyara kuskure. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba na rubutawa ba ne. Ya bar ni na gama. Ya ce an kai mutum gaban dattawa an ɗaga hannunsa, uwarsa ta ji, matarsa ta ji, 'ya'yansa sun ji. In aka sauke shi yanzu, har ya mutu sunansa wanda aka ba aron kujera aka karɓe. Ya ce shi ya faɗi zaɓe ya san ɗacinsa, amma wannan ya fi faɗuwa, kuma ba zai zama shi ne ya yi wa Kabiru ba. Sai ya ɗauki wayar. Na ɗauka ya sauya ra'ayi.

“Kabiru, Barista ne. Na ji labari mai daɗi. Allah ya sa albarka, ya taya ka riƙo. A'a, a'a, ni na ce a duba cikinku, kuma kai nake nufi. Ka saurara, gobe ka fara da gidan liman kafin kowa, kada ka aika, ka je da ƙafarka. In sun yi maka tayin abinci ka ci.”

Ya daɗe yana lissafa masa gidajen da zai shiga da waɗanda zai yi hattara da su, muryarsa garau kamar yana kotu. Ni ina kallon hannunsa na hagu, ya damƙe gefen kujera har jijiyoyi sun fito. Da ya gama ya tashi ya cire kaftanin, ya sa jallabiyar zaman gida, ya ce in dafa kazar nan yara su ci.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kwanaki ina ba shi abinci ba tare da hira ba. Ina son komawa gida, ina kuma son in sake ganin sa a zaure cikin mutane, ana jayayya yana raba gardama. Abin da hukuncinsa ya ci mana ke nan: ƙarin shekara uku na tashi da asuba, da doguwar hanya zuwa cikin sito-sito, da karanta yarjejeniyar kwantenar wasu. Lokacin annobar korona ma a teburin cin abinci ya yi ta aikin, mu da bango huɗu. Ba a sake neman sa ba, don siyasa ba ta ajiye wa mutum wuri. Kabiru ya ci zaɓe, yakan bugo waya ya nemi shawara, babanku ya ba shi da zuciya ɗaya. Littafin bai jefar ba, yana karantawa shi kaɗai, amma ya daina kawo shi tebur. Nura ya taɓa tambaya ina Mai Alfadari ya shiga, ya ce yana gona, aka bar maganar.

A lokacin ne ku kuka fara ba da labarin cewa ya raina kujera, shi kuma bai gyara muku ba. Ni abin da ke damuna da labarinku shi ne kun rage masa. Ƙin abin da ba ka so ba wani aiki ba ne, kowa yana yi. Babanku yana so har cikin ƙashinsa, abin yana nesa da shi da kira ɗaya, ya ɗauki wayar ya kira wani. Na yi fushi da shi a kan haka, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A dubu biyu da ashirin da ɗaya aikinsa ya ƙare, muka haɗa kaya. Ana saura kwana kaɗan mu tashi, ya ce mu taka zuwa bakin ruwa bayan La'asar, abin da muka yi ta cewa za mu yi tun zuwanmu. Muka zauna a kan benci muna kallon kwale-kwale suna ƙetarawa da mutane. Ya tsufa a shekarun nan, tafiyar ma sai da muka huta a hanya. Fushina ya daɗe da hucewa, amma tambayar tana nan, sai na yi ta.

“Barista, da a ce sun dawo fa?”

Bai yi kamar bai gane ba.

“Da sun dawo, Rabi, ko takalmi ba su gama cirewa ba zan ce na karɓa.”

Muka yi dariya mu biyu, har ya share ido da gefen hula. Can ya ce, “Kada ki gaya wa yara. Bar su su ɗauka babansu ba ya son komai.”

Na ce masa ya tashi mu tafi kafin gwiwarsa ta sandare. Ban yi masa alkawari ba, shi ma ya san ban yi ba.